KULA DA MATATAR ISKA TA NA'URORIN LANTARKI

Gabatarwa

Birnin Jos ya daɗe da sanin na'urorin lantarki. A nan ne Gidan Talabijin na Jihar Binuwai da Filato ya soma nuna hoto mai launi a shekarar 1975, kafin sauran gidajen talabijin na Nijeriya. A nan ne kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da gwajin sabon tsarin talabijin na dijital ranar 30 ga Afrilu, 2016. Kwalejin Talabijin ta NTA da Hukumar Fina-finai ta Nijeriya duk a Jos su ke.

Amma yau irin waɗannan na'urori ba su tsaya a manyan ma'aikatu kaɗai ba, sun shigo cikin unguwanni. Wanda ya zaga Ali Kazaure, a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, ko maƙwabtanta kamar Gangare da Garba Daho da Sarkin Arab, ba zai rasa ganin shagon kwamfuta ba, ko ɗakin ɗaukar murya, ko makaranta mai ɗakin kwamfuta, ko asibiti, ko masallaci mai na'urar ƙara sauti, ko turken wayar salula. A yawancin waɗannan wurare akwai na'urori da a ke jerawa cikin kabad na ƙarfe, kuma akasarinsu da kuɗin ƙasashen waje a ka sayo su.

Abin baƙin ciki shi ne, da yawa daga cikinsu kan mutu tun kwanansu bai ƙare ba, a kan dalilin da bai taka kara ya karya ba. Wani ɗan soso ne ko raga da ke bakin na'urar ya toshe da ƙura, ba wanda ya kula. An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa jama'a amfanin wannan abu, da yadda a ke tsabtace shi, da lokacin da ya kamata a sake shi. An ɗauki Jos a matsayin misali, amma bayanin ya shafi duk inda hunturu ke kaiwa.

1. Mene ne Rak, Mece ce Matata?

Rak shi ne sunan da ma'aikata ke kiran kabad ɗin ƙarfe wanda a ke jera na'urori a cikinsa, wata bisa wata, kowace an ɗaure ta da sukuru a gaba. Yawanci awonsa ɗaya ne a ko'ina cikin duniya. Faɗin fuskar kowace na'ura inci 19 ne, watau kimanin santimita 48. Tsayinta kuwa da wani awo a ke ƙidaya shi wanda a ke rubutawa da harafin U, kowane U ɗaya inci 1.75 ne. Babban rak ya kan ɗauki U 42, ya ɗara tsayin mutum. Akwai kuma ƙanana waɗanda a ke kafawa a jikin bango. Kamfanonin tarho na Amurka ne su ka fito da wannan awo tun wajen shekarar 1922, sauran duniya ta bi.

Abubuwan da a kan samu a cikin rak sun haɗa da manyan kwamfutoci masu ajiye bayanai, da na'urorin rarraba intanet, da na watsa shirin rediyo da talabijin, da na ƙara sauti, da na ajiye wuta domin lokacin da lantarki ya ɗauke.

Matatar iska kuwa, wadda masu gyara ke kira filta, ita ce abin da a ke sawa a ƙofar da iska ke shiga, ko a jikin ƙyauren rak, ko a fuskar ita na'urar kanta. Aikinta kamar na rariya ne a hannun mai tankaɗe: ta bar iska ta wuce, ta riƙe ƙura. Duk mai mota ko janareta ya san irinta a bakin injinsa.

2. Don me Na'ura ke Bukatar Iska?

Kusan dukkan wutar da na'urar lantarki ta sha, zafi ta ke komawa. Rak wanda na'urorinsa ke shan wat 3,000 daidai ya ke da dutsen guga uku masu wat 1,000 da a ka kunna, a ka rufe cikin kabad, dare da rana. In ba a fitar da wannan zafi ba, na'urar za ta dafa kanta.

Saboda haka a ke sa fankoki a ciki. Suna jawo iska mai sanyi ta gaba, ta ratsa kayan ciki ta kwashe zafinsu, ta fita ta baya. Iskar da a ke bukata ba kaɗan ba ce. Domin a fitar da zafin wat 1,000 ba tare da ɗumin iskar ya ƙaru fiye da digiri 10 ba, sai kimanin mita kubik 300 na iska sun wuce cikin kowace awa. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 4, tsayin mita 3, mita kubik 48 ya ke ɗauka. Ke nan iskar da ta cika irin wannan ɗaki za ta ratsa na'urar fiye da sau shida cikin awa guda, kuma wani kaso na ƙurar da ke cikinta a jikin matata zai tsaya.

Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar cewa iskar da ke shiga irin waɗannan na'urori ta kasance tsakanin digiri 18 da 27 a ma'aunin Salshiyos. Akwai kuma wata ƙa'ida da injiniyoyi ke aiki da ita game da ƙananan gwangwanayen nan da a ke kira kafasita, waɗanda ke cikin kusan kowace na'ura: duk lokacin da zafin da su ke aiki a ciki ya ƙaru da digiri 10, kwanansu kan ragu da rabi. Wadda za ta yi shekara takwas sai ta yi huɗu. Zafi ba ya kashe na'ura farat ɗaya, ci ya ke yi sannu a hankali kamar gara.

3. Sanyin Jos ba ya Hana

Mutane da yawa kan ce, ai Jos gari ne mai sanyi, zancen zafin na'ura na mutanen Sakkwato da Maiduguri ne. Wannan kuskure ne, saboda dalilai uku.

Na farko, sanyin da ke waje ba shi da hanyar shiga cikin na'ura sai ta matata. In ta toshe, ko da mai gadi yana rawar ɗari a bakin ƙofa, cikin rak ɗin tanda ne.

Na biyu, Jos na bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku. Iskar tudu ba ta kai ta ƙasa nauyi ba. A Jos nauyinta ya gaza na bakin teku da fiye da kashi 10 cikin 100, kuma iya nauyin iska iya zafin da za ta kwasa. Fankar da ta wadatar a Legas, in an kawo ta Jos, ko da juyinta bai canja ba, sanyayawarta ta ragu. Ashe na'urar Jos ta fi ta Legas bukatar hanyar iska a buɗe.

Na uku, ƙura. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ko farkon Maris, iskar hunturu kan taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara. Mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele ta ke tasowa, a arewacin ƙasar Cadi, inda wani babban tafki ya ƙafe tun zamanin da, ya bar ƙasa mai laushi kamar garin alli. Kaurin gashin kan mutum kimanin maikiron 70 ne, maikiron kuwa shi ne ɗaya cikin dubu na milimita. Ƙwayar ƙurar da ke isowa nan sau da yawa ba ta kai maikiron 10 ba. Ga kuma ƙurar gida: ta lungunan da ba kwalta, da ta motoci, da hayaƙin janareta, da na itace da gawayin da a ke hurawa domin jin ɗumi. A unguwa mai cunkoso irin Ali Kazaure, inda ƙofar shago ke kallon titi, duk waɗannan kan taru a bakin na'ura ɗaya.

Sai mai karatu ya lura da yadda lokutan shekara ke biye da juna. Hunturu ya toshe matata a Disamba da Janairu, amma da ya ke gari da sanyi, na'ura na jurewa, ba wanda ya ga alama. Maris da Afrilu, watannin da su ka fi zafi a Jos, sai su tarar da ita a shaƙe, nan ne na'urori kan soma mutuwa. Wadda ta tsira, damina na jiranta. Ana yin ruwa a Jos daga Afrilu zuwa Oktoba, kimanin milimita 1,400 a shekara. Ƙurar da ta kutsa ta kwanta a kan kayan ciki sai ta sha laima, ta soma kai wuta inda bai kamata ba, ta kuma jawo tsatsa. Mai na'ura sai ya ɗora laifi a kan wutar lantarki ko tsawa, alhali tun hunturu a ka shuka ɓarnar.

4. Alamun Matata ta Toshe

Na'ura ba ta magana, amma tana nuna alama. Ga waɗanda ya kamata a lura da su:

(a) Ƙarar fanka ta ƙaru fiye da yadda a ka saba ji. Na'urorin zamani kan ƙara gudun fankarsu da kansu in sun ji zafi.

(b) 'Yar fitilar gargaɗi, ja ko ruwan ɗorawa, ta kama a fuskar na'ura, ko saƙon zafi ya fito a allon kwamfuta.

(c) Na'ura ta riƙa nawa, ko ta riƙa mutuwa da kanta, musamman tsakanin azahar da la'asar, ta kuma tashi lafiya in gari ya yi sanyi.

(d) Iskar da ke fita ta baya ta yi zafi ƙwarai amma ba ta da ƙarfi.

(e) An ji ƙauri ko warin roba.

Akwai gwaji biyu masu sauƙi. A kara 'yar takarda marar nauyi a bakin da iska ke shiga. In fanka na ja sosai takardar za ta manne, in ta faɗi akwai abin dubawa. Sa'an nan a ciro matatar a ɗaga ta wajen haske. In haske ba ya ratsa ta kamar yadda ya ke ratsa sabuwa, to iska ma da ƙyar ta ke ratsawa.

5. Ire-iren Matata

Kafin a taɓa matata, wajibi ne a san irinta, domin abin da ke gyara wata shi ke ɓata wata.

Ta soso. Baƙi ne ko toka-toka, mai manyan ƙofofi, ana iya hango haske ta cikinsa. Ana wanke ta a mayar. Amma soso na tsufa. In ya soma marmashewa a hannu, ko ya yi danƙo, ko ya yage, kwanansa ya ƙare.

Ta raga. Da ƙarfen alminiyam ko zaren roba a ke saƙa ta, a cikin firam. Ita ma ana wankewa, kuma ta fi daɗewa, sai dai manyan ƙwayoyin ƙura da ƙwari kawai ta ke tarewa.

Ta takarda ko ƙyalle mai ninki. Fara ce, an nannaɗe ta kamar mafici, yawanci cikin firam na kwali. Ita ta fi riƙe ƙura mai laushi. Ba a wanke ta. Ruwa na lalata zarenta, ko da ta bushe ba za ta koma yadda ta ke ba. In ta cika, sai sabuwa.

Littafin da ya zo tare da na'ura shi ne alƙali. In ya faɗi irin matatar da yadda za a yi da ita, shi za a bi.

6. Shiri Kafin a Fara

Kayan aiki: sukundireba, buroshi mai laushi, na'urar zuƙe ƙura in akwai, bokiti da ruwa mai tsabta, sabulun ruwa marar kaifi, ƙyalle marar zubar da zare, jakar leda, takunkumin rufe hanci, da matata ta biyu wadda ta ke a bushe.

A sanar da masu amfani da na'urar tun da wuri, a zaɓi lokacin da aiki ya yi sauƙi. Wasu na'urori an ƙera su yadda za a zare matatarsu suna aiki, wasu kuwa sai an kashe. In babu tabbaci, a kashe ta bisa ƙa'ida, a zare waya daga bango.

Gargaɗi. Na'urar watsa shiri, da ta ajiye wuta, da babbar na'urar ƙara sauti kan riƙe wuta mai kisa a cikinsu ko bayan an kashe su. Aikin wanda ba injiniya ba ya tsaya a kan matatar da ke waje. Kada ya kwance murfin na'ura.

Akwai wani haɗari na musamman a lokacin hunturu. Kowa ya san yadda rigar leda kan yi tartsatsi in an tuɓe ta da dare, ko yadda mariƙin ƙofa kan ja mutum. Wannan wata wuta ce da ke taruwa a jiki saboda bushewar iska. Ba ta cutar da mutum, amma kaɗan daga cikinta ya isa ya ƙone kayan cikin kwamfuta. Ma'aikaci ya ɗaura abin hannun nan mai waya wanda a ke maƙalawa a jikin rak. In babu, ya riƙa dafa ƙarfen rak ɗin kafin ya taɓa komai.

7. Yadda a ke Tsabtace Matata

(1) A goge ƙyauren rak da fuskar na'ura da ƙyalle mai ɗan danshi tukuna, domin kada ƙurar waje ta faɗa ciki.

(2) A lura da yadda matatar ta ke zaune kafin a cire ta: wane gefe ke kallon waje, ina ne sama. In ya yiwu a ɗauki hotonta da waya.

(3) A zare ta a hankali, ba girgizawa, a sa cikin leda nan take.

(4) A sa ta biyun a gurbinta. Kada a bar na'ura tana aiki baki buɗe.

(5) A fita da mai dattin waje, nesa da ƙofa da tagar ɗakin, a sa takunkumi. A zuƙe ƙurar ta gefen da ta taru, ko a kaɗe ta da buroshi.

(6) In ta soso ce ko ta raga, a wanke ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulu. A riƙa zuba ruwan ta gefen da ke da tsabta, domin ya kora dattin ya fita ta inda ya shigo. Soso a matse shi tsakanin tafukan hannu, kada a murɗe shi kamar wanki.

(7) A ɗauraye har ruwan ya fito garau. Sabulun da ya saura ƙura ya ke kamawa.

(8) A shanya a inuwa, inda iska ke bi ba ƙura, har ta bushe sarai. Da damina tana iya kwana ɗaya ko biyu. Kada a kara ta a wuta ko a bar ta cikin rana mai ƙuna.

(9) In ta bushe, a duba ta a haske, a sa cikin leda mai tsabta, a ajiye domin zagaye na gaba.

(10) A tabbata kowace fanka na juyawa, a rufe rak, a rubuta ranar aikin.

Wannan shi ne amfanin mallakar matata biyu ga kowace na'ura. Mai guda ɗaya, in ya wanke, gaggawa kan sa ya mayar da ita da lema, fanka ta jawo ruwan ta watsa a kan kayan wuta.

8. Yadda a ke Sake Matata

Ana sake matata in ta takarda ce ta cika, ko ta soso ce ta tsufa, ko kowace iri ce ta huje, ta lanƙwashe, ko ta ƙi fita bayan wanki. Hayaƙin man dizal na da maiƙo, matatar da ta sha shi sau da yawa ba ta wankuwa.

A je wa mai sayarwa da lambar da ke jikin tsohuwar, ko lambar na'urar. In ba a samu ba, a auna tsawo da faɗi da kauri, a tafi da tsohuwar domin a gwada. Tilas sabuwar ta cika gurbinta ba rata, domin iska hanya mai sauƙi ta ke bi. In ta sami kafa a gefe, ta nan za ta wuce da ƙurarta.

A gefen firam a kan sami alamar kibiya. Kibiyar na nuna inda iska ta nufa, saboda haka cikin na'ura za ta kalla.

Kada a ce tun da ƙura ta yi yawa bari a sa matata mai matsatstsun ƙofofi fiye da wadda a ka tsara. Fankokin na'ura ƙanana ne, ba su da ƙarfin jan iska ta cikin abu mai kauri, sabuwar matata sai ta zama kamar tsohuwa toshashshiya. In ana son tace ƙura mai laushi, a yi shi a ƙofar da iska ke shiga ɗakin, da babbar matata da fanka mai ƙarfi, bisa shawarar injiniya.

Tsohuwar a ɗaure ta cikin leda a kai juji. Kada a ƙone ta, hayaƙin soso guba ne.

9. Kurakuran da a ka fi Yi

Cire matata gaba ɗaya. Na'ura za ta yi sanyi na ɗan lokaci, amma ƙurar da matata za ta riƙe sai ta koma cikin fanka da kayan ciki, inda fitar da ita sai injiniya.

Yanko soson katifa. Ƙofofinsa a matse su ke, iska ba ta ratsa shi yadda ya kamata, kuma yana saurin kama wuta. Araha ba ta ado.

Wanki da fetur ko kananzir. Suna cinye soso, tururinsu kuma na iya tashi da wuta.

Hurawa da injin mai faci. Iskarsa na da ƙarfi ainun, tana kuma ɗauke da ruwa da mai. Ta kan yaga matata, ta kuma juya fanka fiye da kima har ta lalace. Injiniyan da zai hure cikin na'ura ya yi da abin hurawa na musamman, a waje, ya kuma riƙe fankar kada ta juya.

Hure ƙura a cikin ɗakin. Abin da ya fita daga na'ura ɗaya, ta kusa da ita ce za ta shaƙa.

Lulluɓe rak da zane yana aiki. Niyyar mai kyau ce, amma an toshe masa numfashi.

10. Tsabtar Ɗakin Kansa

Matata ba za ta iya aikin ita kaɗai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A toshe ramukan da wayoyi ke bi, domin ta nan ƙura da tsaka da ɓera ke shiga. Gurbin da ba na'ura a fuskar rak a rufe shi da farantin da a ka yi domin haka, in ba haka ba iskar zafi ta baya za ta zagayo gaba na'ura ta sake shaƙarta. A bar fili gaba da baya, kada a jingina rak da bango ko a tara kwalaye a bakinsa.

Kada a share ɗakin na'ura da tsintsiya. A goge daɓen da tsumma mai danshi. A sa abin goge ƙafa a bakin ƙofa, a rufe tagogi da hunturu, a hana cin abinci da shan taba a ciki. Janareta ya yi nesa, bakin hayaƙinsa ya juya wa ɗakin baya. Na'urar sanyaya ɗaki ita ma tana da tata ragar, a wanke ta rana ɗaya da ta rak.

11. Yaushe za a Duba?

Littattafan masu ƙera na'ura da yawa kan ba da wa'adin wata uku ko shida. Da ɗaki mai tsabta a ƙasar da ba hunturu su ka yi lissafi. Ga garuruwanmu, ga shawarar da ta fi dacewa:

Oktoba: a tanadi sababbin matatai, a toshe kafofi, a shiga hunturu da shiri.

Nuwamba zuwa Maris: a duba kowane mako. Ranar da hazo ya rufe gari, a sake dubawa da ya washe.

Ƙarshen hunturu: a yi babbar shara kafin zafin bazara da ruwan farko. A kira injiniya ya fitar da ƙurar da ta shige ciki, a sake duk matatar da ta gaji. In sau ɗaya tak za a kira injiniya a shekara, to wannan lokacin ne.

Mayu zuwa Satumba: a duba sau ɗaya a wata, a lura da laima da gizo-gizo.

Wurin da ke bakin titi ko kusa da inda a ke gini ya ƙara a kan wannan. A liƙa kati a jikin ƙyauren rak, a riƙa rubuta kwanan wata, da abin da a ka gani, da abin da a ka yi, da sa hannun wanda ya yi. Bayan shekara ɗaya katin da kansa zai nuna wa'adin da ya dace da wurin.

12. Kira ga Shugabannin Ma'aikatu da Masu Shaguna

Aikin da a ka ce na kowa ne, ba wanda zai yi shi. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin matata, a nuna masa yadda a ke yi, a kuma sa wanda zai riƙa duba katin. A ware kuɗin matata cikin kasafin kowace shekara kamar yadda a ke ware na man janareta. Duk lokacin da za a sayi sabuwar na'ura, a sa wa ɗan kwangila sharaɗin ya kawo ta da littafinta da matatai na ajiya.

A tuna kuma cewa asarar ba ta tsaya a kan kuɗin na'ura ba. Tun shekarar 2015 jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB ta koma bisa kwamfuta gaba ɗaya. In babbar kwamfutar cibiya ta mutu da rana tsaka, ɗaruruwan yara ne za su tashi hankali. In ta asibiti ce, bayanan marasa lafiya ne. In ta turken waya ce, unguwa guda ce za ta rasa kiran gaggawa da aiken kuɗi. In kuwa ta ma'aikatar gwamnati ce, da harajin jama'a za a sayo wata.

Kammalawa

Abubuwa biyar mai karatu zai riƙe. Ya san irin matatar da ke jikin na'urarsa. Ya mallaki biyu. Ya duba kowane mako da hunturu. Kada ya mayar da jiƙaƙƙiya, kada kuma ya bar na'ura ba matata. Ya rubuta duk abin da ya yi. Aikin bai fi na minti goma sha biyar ba a mako, kuma rigakafi ya fi magani.

In ka gama karanta wannan ɗan littafi, ka miƙa wa abokin aikinka, ko ka karanta wa wanda ke share ɗakin na'urarku.